Soyayyar shinkafar Sinawa da gasasshiyar agwagwa: yadda wani gida a Guangzhou ya gano kanta cikin makonni shida

## Asalin lamarin

Gidan na wani ɗan kasuwa ne Bakano mai sayen kayan waya yana aikawa gida. Yana zaune da iyalinsa a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a lardin Guangdong na ƙasar Sin, inda baƙi 'yan Afirka suke da yawa. Su biyar ne: shi, matarsa, yara biyu da ƙaninsa. Kicin ɗin ɗan ƙarami ne irin na gidajen haya na bene. Akwai murhun gas mai kai biyu, tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, firij, da ƙaramin obin na ɗorawa kan tebur wanda da ƙyar agwagwa ɗaya ke shiga.

Abin da uwargidan ta sa a gaba shi ne soyayyar shinkafa irin ta mutanen lardin Guangdong, wadda ake yi da ragowar gasasshen nama. A birnin, kusan kowane layi da shagon gashi da suke kira siu mei, inda za ka ga agwagwa da dinya sun yi jawur suna rataye a bayan gilashi, kusa da su kuma dogayen yankan naman alade da aka gasa da zaƙi, wanda suke kira char siu. Bature ko Basine da ke son wannan shinkafa sai ya sayi rabin agwagwa da ɗan char siu, ya koma gida ya yayyanka ya soya da shinkafar jiya. Minti goma an gama.

Wannan hanya a rufe take ga gidan Musulmi. Char siu naman alade ne. Agwagwar shagon ma ba yankan Musulmi ba ce, kuma wuƙa ɗaya da katako ɗaya ake sara komai da su. Ƙari a kan haka, masu girki da yawa da man alade suke soya shinkafar, kuma haɗin da ake jiƙa naman yakan ƙunshi giyar shinkafa ta Shaoxing. Saboda haka aiki uku ne ya hau kanta lokaci guda: ta gasa agwagwar da kanta, ta nemi abin da zai tsaya a gurbin char siu, sannan ta koyi suyar. Ɗanyar agwagwa tana samunta wajen mahauta Musulmi 'yan ƙabilar Hui da ke da alamar 清真 a ƙofar shagonsu, wadda ake karantawa qingzhen, ma'ana halal.

Ita kuwa gwana ce a soyayyar shinkafa irin ta gida Najeriya, mai kori da romon kaza da hanta da karas. Da wannan sanin ta fara.

## Makon farko na Maris: shinkafa ta caɓe

A gwajin farko ba ta taɓa agwagwa ba, ragowar soyayyar kaza ta sa, don ta fara gane shinkafar. Ta auna giram 600 na shinkafa mai ƙamshi ta Tailan, ta dafa da ruwa lita 1.2, wato ninki biyu, kamar yadda take yi wa shinkafar da aka turara ta gida. Tana saukewa da zafinta ta juye duka a kasko mai santsi wanda abu ba ya kamawa, ta zuba soya sos baƙi, wato ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken soya, cokali huɗu manya, ta fasa ƙwai uku a kai, ta yi ta juyawa kimanin minti 15.

Abin da ya fito ya dunƙule kamar za a tuƙa tuwo. Launinsa ya yi duhu, ƙwan ya ɓace a ciki ya bar danƙo, gishiri ya yi yawa. Babu ƙamshin suya ko kaɗan. Yaran sun ci kazar sun bar shinkafar.

Bambancin farko da ta lura da shi na ƙwayar ne. Shinkafar da aka turara da ƙaiƙayinta kafin a sheme ta, irin wadda aka saba da ita a Najeriya, tana jure ruwa da juyi, ba ta saurin mannewa. Mai ƙamshi ta Tailan, da ta simiao da ake nomawa a Zengcheng nan gefen Guangzhou, ba a turara su ba. Suna da laushi, ruwa kaɗan suke so, kuma da an ƙara musu sai su saki sitaci.

## Mako na biyu: shinkafar kwana da abin da ta jawo

Wata maƙwabciyarta 'yar Hui ta ce mata da shinkafar da ta kwana ake yi. Wannan gaskiya ne, amma ba ta faɗa mata inda za ta kwana ba. Ranar Juma'a da daddare uwargidan ta dafa giram 500 da ruwa mililita 650, ta zare wutar tukunyar, ta bar ta a rufe kan kanta har azahar ɗin Asabar. Kusan awa 16 ke nan cikin ɗumi.

Suyar ta ɗan fi ta farko. Ƙwayar ta fara rabuwa, ko da yake ta ƙasan tukunya ta jiƙe da gumin murfi. Amma bayan cin abinci da kamar awa uku, ƙaramin yaron da ƙanin maigida suka fara amai. Zuwa washegari sun warware, da ruwan gishiri da sukari kawai.

Ba a yi gwajin asibiti ba, amma alamun sun dace da wata ƙwayar cuta da aka sani da bin dafaffiyar shinkafa, mai suna Bacillus cereus. Ƙwayayenta suna cikin ɗanyar shinkafa, kuma tafasa ba ta kashe su. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a waje da ɗumi sai su farka su hayayyafa, su saki wani dafi da zafin suya ba ya lalatawa. Shi ya sa sake soya ta da wuta mai ƙarfi bai hana komai ba. Aman yakan zo tsakanin awa 1 zuwa 6 bayan ci.

Daga ranar ta sauya tsari. Da shinkafa ta nuna sai ta baza ta a faffaɗan tire, kaurinta bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, ta kunna mata fanka minti 20 zuwa 30, sannan ta sa a firij kafin a cika awa ɗaya da saukewa. Ba ta rufewa a awa biyun farko, don saman ƙwayar ya sha iska. Kuma ba ta bari ta wuce kwana ɗaya kafin a soya.

## Mako na uku: agwagwa

Nan ne aikin ya fi cin lokaci. Agwagwar farko kilo 2 ce. Ta wanke ta, ta shafe ta da gishiri da tafarnuwa da zuma ciki da waje, ta sa a obin a digiri 220 nan take. Kafin minti 25 zumar ta ƙone, ƙirjin ya yi baƙi. Kitsen da ke ɗiga a tiren ƙasa ya fara hayaƙi har sai da aka buɗe tagogi. Da ta rage wuta ta ƙarasa, naman ya nuna, amma fatar ta yi taushi da maiƙo, ga ɗacin ƙuna, kuma kitsen da ya taru bai amfanu ba.

A ta biyu ta bi hanyar masu gashi na Guangdong. Ta cire dunƙulen kitsen da ke bakin ciki. Ta haɗa gishiri ƙaramin cokali biyu, sukari ɗaya, garin kayan ƙamshi biyar na Sinawa ɗaya, da hoisin, wani haɗin waken soya mai kauri da zaƙi, babban cokali biyu, ta shafe cikin kawai, ta cusa ɗanyar citta yanka huɗu da lawashin albasa. Garin ƙamshin nan ba baƙo ba ne sosai ga hancin Bahaushe, don akwai kanumfari da kirfa a ciki, sai tauraron anis da masoron Sichuan da irin fenel. Ta ɗinke bakin cikin da tsinken ƙarfe don romon kada ya zube. Sannan ta riƙe agwagwar bisa wurin wanke-wanke ta kwarara mata tafasasshen ruwa lita ɗaya da rabi. A take fatar ta ɗame ta yi sumul. Bayan ta tsane sai ta shafa haɗin maltos babban cokali biyu, binega biyu, ruwan zafi huɗu. Maltos wani sukari ne mai kauri kamar zuma da ake yi da hatsi, bai kai zuma zaƙi ba kuma ba ya saurin ƙonewa kamarta.

Sai ta rataye ta a tagar kicin don ta bushe, kamar yadda ta ga ana yi. Ba ta bushe ba. Watan Maris ne, lokacin da Guangzhou ke shiga yanayin da mutanen garin ke kira huinantian, inda iska mai danshi ke tasowa daga kudu har bango da tayil su riƙa gumi, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Bayan awa uku fatar tana nan da danƙo. Ga kuma hatsarin barin ɗanyen nama a waje, abin da gidan bai daɗe da ɗanɗana irinsa ba. Ta sauke ta, ta ɗora a kan ragar ƙarfe bisa tire, ta sa a ƙasan firij ba murfi, nesa da dafaffen abinci, har awa 24. Washegari fatar ta bushe ƙamas, idan aka taɓa sai a ji kamar takarda.

Gashin ya tafi haka: digiri 180, bayanta a sama minti 30, a juya ƙirji sama minti 30, sannan digiri 205 na minti 8 zuwa 10 don launi. Ta naɗe bakin fukafukai da ƙarshen ƙafafu da takardar alminiyam tun farko. Sau biyu, a minti na 30 da na 50, ta jawo tiren ta tsiyaye kitsen a kwano tun bai ƙone ba. Ta soka ma'aunin zafi a kaurin cinya, ya nuna digiri 76, sama da 74 da ake nema ga naman tsuntsu. Ta bar ta ta huta minti 15 kafin ta zare tsinken ta tsiyaye romon ciki a wani kwano daban.

Kitsen da ta tara ya kusa cika kofi, fari tas bayan ya daskare. An ci rabin agwagwar a daren, aka adana rabi don shinkafa, ƙasusuwan kuma suka tafi farfesu.

## Mako na huɗu: abin da zai tsaya a gurbin char siu

Aikin char siu a cikin wannan shinkafa shi ne ya kawo ɗan zaƙi da gefe-gefen da wuta ta lasa, a kan gishirin agwagwa. Ana yinsa ne da naman kafaɗa mai zaren kitse.

Ta fara da naman sa marar kitse. Ya bushe a obin, da aka sake soya shi a kasko ya zama kamar kilishin da ya kwana biyu. Naman rago ya yi laushi amma ƙamshinsa ya danne na agwagwa. Cinyar kaza da aka cire wa ƙashi aka bar fatar ita ta dace.

Ga giram 500 na cinya: hoisin babban cokali biyu, farin soya sos ɗaya, zuma ɗaya da rabi, baƙin soya sos ƙaramin cokali ɗaya don launi, garin ƙamshi biyar rabin ƙaramin cokali, tafarnuwa ƙwaya uku a daka. A jiƙa a firij kwana ɗaya. A gasa a digiri 200 minti 20, a shafa zuma, a mayar minti 5 har gefen ya fara duhu. Giyar Shaoxing ta bar ta gaba ɗaya, ba ta nemi madadi ba, kuma ba wanda ya ji rashinta. Akwai kuma wani jan daddawan wake na kwalba da ke ba char siu jan launinsa. Ta saya, da ƙanin maigida ya karanta mata takardar jikinsa sai ga giya a jerin kayan haɗi, ta ajiye shi. Kazar ba ta yi ja ba, ruwan ƙasa mai sheƙi ta yi.

## Mako na biyar: kasko da wuta

Yanzu shinkafa ta yi daidai, nama iri biyu suna hannu, amma suyar har yanzu ba ta yi ba. Shinkafar tana fitowa da ɗan laima, fatar agwagwar da aka sha wahalarta kuma tana komawa laushi a ciki.

Ta sayi kaskon Sinawa na baƙin ƙarfe mai zurfi, wok, mai faɗin santimita 34. Ta wanke man masana'anta da sabulu, ta ƙona shi a wuta har ƙarfen ya sauya launi, ta soya citta da lawashi a mai tana goga su ko'ina a ciki. Kasko mai santsi da take amfani da shi a da ba a son a kai shi irin wannan zafi, don shafen jikinsa yana lalacewa.

Ko da sabon kaskon, da ta zuba kilo ɗaya na shinkafa mai sanyi lokaci guda sai ƙarar suyar ta mutu. Ta koma wani sanyayyen "shuu" na tururi. Murhun gidan abinci yana ninka na gida ƙarfi sau da yawa, shi ya sa mai girkinsu ke iya cika kasko kuma ya samu ƙamshin nan na wuta da suke kira wok hei. Murhun gida ba zai iya ƙone ruwan kilo guda kafin ƙwayar ta sake jiƙa ba. Ta gwada rabin kilo, ya fi. Ta gwada giram 330, ƙarar ba ta yanke ba daga farko har ƙarshe, ƙwayoyin har tsalle suke a gefen kasko.

## Tsakiyar Afrilu: girkin da ya yi

Ranar Alhamis ta shirya agwagwa ta sa a firij, ta jiƙa kaza. Ranar Juma'a da yamma ta gasa duka biyun, ta dafa shinkafa. Ranar Asabar aka soya.

Shinkafar giram 500 ce, an wanke sau uku har ruwan ya yi haske, an tsane sosai, an dafa da ruwa mililita 525. Ta ba da kusan kilo ɗaya. Da safe ta shafa ɗan mai a hannu ta murje dunƙulen duka tun kafin a kunna wuta, sannan ta raba kashi uku.

Kowane kashi ya samu: tsokar agwagwa giram 80 an yanka girman ƙwayar gyaɗa, kaza giram 60 an yanka haka, ƙwai ɗaya babba an kaɗa da ɗan gishiri, fis (koren wake) da karas giram 40 da aka tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya aka shanya a kan tsumma, lawashi ƙwaya biyu an ware fari da kore, kitsen agwagwa babban cokali ɗaya da rabi, farin soya sos ƙaramin cokali biyu, romon cikin agwagwa ƙaramin cokali ɗaya, farin masoro ɗan kaɗan. Komai yana jere a ƙananan kwanuka kusa da murhu, domin da an fara babu damar yanka ko neman wani abu. Fatar agwagwar ta ware ta daban, ta mayar da ita obin a digiri 200 minti 5, ta yayyanka.

Ta ɗora kasko ba komai a ciki har ya fara ɗan hayaƙi. Ta zuba rabin cokalin kitse, ta soya naman minti ɗaya har gefe ya yi launi, ta kwashe. Ta zuba sauran kitsen da farin lawashi, nan da nan ƙwai. Yana fara kamawa, tsakiyarsa da saura, ta zuba shinkafa a kai. Minti biyu tana danna ta da bayan ludayi tana bazawa a jikin kasko, ta bar ta daƙiƙa goma ko sha biyar, ta juya, ta sake bazawa. Sai nama da fis suka koma. Soya sos ɗin a gefen kasko ta zagaya da shi, inda ƙarfe ya fi zafi, ya yi ƙara ya ɗan ƙone kafin ya gangaro cikin shinkafa. Romo, masoro, koren lawashi, juyi uku, a sauke. Minti huɗu zuwa biyar kowane kashi. Tsakanin kashi da kashi tana goge kaskon da takarda ta bar shi ya sake ɗaukar zafi. Fatar a kan faranti aka barbaɗa ta.

Shinkafar ta fito wara-wara, launinta ruwan zinare mai haske, ana ganin ƙwai a jikin ƙwayoyin. Ƙasan faranti ba maiƙo. An cinye duka, ba wanda ya yi ciwo. Ta maimaita sau biyu kafin ƙarshen watan da awo ɗaya, sakamakon bai sauya ba.

## Abin da ya sa ya yi

Matsalar da ta fi kowace girma tun daga makon farko ruwa ce, kuma ta ɓullo a wurare huɗu: a tukunyar dahuwa, a saman ƙwayar shinkafa, a fatar agwagwa, da cikin kasko idan an cika shi. Duk gyaran da ya yi aiki rage ruwa ya yi. Sanyin firij yana ƙara wani abu, domin sitacin dafaffiyar shinkafa yana sake ɗaurewa idan ya yi sanyi, ƙwayar ta yi ƙarfin jure ludayi. Amma kwanan ba sharaɗi ba ne. A ɗaya daga cikin maimaicin ta dafa da safe da ruwa kaɗan, ta baza ƙarƙashin fanka rabin awa, ta sa a firij awa biyu, kuma bambancin bai taka kara ya karya ba. Barin shinkafa a rufe cikin tukunya har gari ya waye ba shi da wani amfani ga suyar, hatsari kawai ya ƙara.

Raba suya kashi uku ya fi sayen wok tasiri. Faffaɗan kaskon ƙarfe mai kauri zai yi kusan aikin idan ba a wuce giram 350 ba. Ƙamshin wuta irin na gidan abinci bai samu cikakke ba, kuma da wannan murhu ba zai samu ba. Zuba soya sos a gefen kasko da barin shinkafa ta ɗan zauna a jikin ƙarfe su suka kawo abin da aka samu daga cikinsa.

Rashin naman alade bai rage wa girkin komai da za a yi kuka a kai ba. Cinyar kaza ta kawo zaƙi da laushin da ake nema, kitsen agwagwa kuma ya yi aikin man alade, har ya fi dacewa tunda ƙamshinsa ɗaya da naman da ke ciki. Kuskuren da ya fi tsada shi ne agwagwar farko, inda zuma da wuta mai ƙarfi suka ɓata fata da kitse tare. Abin da ya rage bai warware ba shi ne lokaci: kwana uku ne daga ɗanyar agwagwa zuwa faranti. Yanzu tana gasa agwagwa ɗaya, ta zare tsokar rabinta ta ƙulla giram 240 a leda ta sa a firiza, kitsen kuma a kwalba mai murfi cikin firij, sai a samu suya ta biyu ba tare da an sake kunna obin ba. Fatar ce kaɗai ba ta jure daskarewa, ranar gashi ko washegari ake cinye ta.